Kabarin da Ke Jiran Barau

Makara na kafaɗarsu sojan da ke gadin iyaka ya ɗaga musu hannu.

Ya'u ne a gaba, shi da ya yi shekara talatin katanga ɗaya da mamacin, Barau mai gyaran rediyo. Ya yi sallama, ya ce maƙabarta za su, ga ta can bayan dutsen iyaka, ko taku ɗari biyu ba a yi ba. Sojan ya ce an rufe iyaka tun juyin mulkin Nijar, ko kaza ba ta wucewa sai da izini daga sama.

Abin da ciwo. Tun kafin a dasa dutsen nan mutanen Rijiyar Ɗantala a can suke binne nasu. Bature ya zo ya ja layinsa bai tambayi kowa ba, ya bar masu rai a Nijeriya, matattu a Nijar. Barau kan mayar da abin raha, ya ce shi ɗan Ingila ne da ransa, in ya mutu ya koma ɗan Faransa. Amma jiya da la'asar, da numfashi ya fara sarƙewa, babu raha ya riƙe hannun Ya'u.

"Kusa da Adda za ku sa ni. Ka yi mini alkawari."

Adda matarsa ce, shekara tara da rasuwa. Ya'u ya yi alkawarin, don bai ga abin wuya a ciki ba.

Suka sauke makarar a inuwar aduwa. Liman ya roƙa, mai gari ya roƙa, Ya'u da furfurarsa har durƙusawa ya yi. Sojan, Bahaushe ne ma ɗan'uwansu, ya kawar da kai.

"Baba, wallahi in na bar ku, a bakin aikina."

Rana ta take, gawa kuwa ba ta jira. Liman ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Ya'u bai musa ba, amma maganar ba ta sanyaya masa rai ba. Shi ya kai su gonarsa, ya tuge geron da ya fara fitar da kai, aka yi haƙa a nan.

Da aka shafa fatiha, Ya'u ya juya arewa. Usaini, ƙanen Barau da ke zaune a tsallake, tun safe ya haƙa kabari a gefen Adda, yana tsaye yana jira. Usaini ya ga jama'a sun watse. Sai ya ɗauki shebur ya fara mayar da ƙasa cikin ramin da babu kowa.