Ƙarfen da Ba Ya Ƙara

Damina tana ja da baya, garin yana cike da 'yan jagaliyar siyasa, Malam Habibullahi ya yanke jiki ya faɗi a wurin alwala. Shi ne limamin wani ƙauye a ƙasar Lausu. Allah ya taimaka baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo, hannun dama ne ya yi taurin kai. Yana ɗaguwa don kabbara, amma ko buta ba ya riƙewa.

A ƙauyen, kamar ko'ina, ba mai sa wa ragonsa wuƙa ranar Babbar Sallah sai liman ya yanka nasa a filin idi, a gaban jama'a. Kowa ya san ya halatta ya wakilta wani. Malam ya fi kowa sani, shi yake karantar da babin. Duk da haka ya gaya wa matarsa Inna Fulera cewa ranar da ya kasa yanka da hannunsa, a ranar zai miƙa limanci ga na'ibinsa, Malam Abdulganiyyu, ya koma ɗaki.

Wannan komawa ɗakin ita ce ta hana 'yarsa Sadiqa sukuni. Ma'aikaciyar lafiya ce a Kibiya, ta ga dattawa da yawa da suka koma ɗaki, kuma ta san yadda ake fito da su. Likita ya ce hannun zai iya farfaɗowa idan ana ba shi aiki kullum, ja da turawa, da nauyi. To amma wa zai kalli Malam ya ce ya ɗaga ƙarfe? A lokacin, ɗaga ƙarfe sana'ar samarin da 'yan siyasa ke ɗauka a bayan mota ce. Ga shi kuma ita 'yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, yanzu ma sai dai "'yar Kibiya", ita kuma ba ta iya haɗa ido da shi, balle ta ba shi umarni.

Ranar kasuwar Rano ta je shagon Gali, mai sayo kayan gwanjo daga Kano, wanda ta yi wa saƙon injin motsa jiki. Ta ce masa na wurin aikinsu ne. Gali ya yi murmushin da bai yi mata daɗi ba, ya shigar da ita bayan shago, inda ya ajiye guda biyu.

Na farko ƙato ne, da kujera da jerin ƙarafa masu nauyi. Gali ya zuba masa yabo kamar zai aurar da shi, ya ce jikokinta ma za su gaje shi. Ya ja sandar ya saki, ƙarafan suka haɗu, kwaram! Har mai shagon kusa ya leƙo. Sadiqa ta tuna turakar Malam bango ɗaya ce da zauren da yake karatu da manyan ɗalibai. Wannan ƙara sau ɗaya ta isa gari ya ɗauka.

Na biyun ƙarami ne, bai wuce keken ɗinki ba idan an naɗe shi. Ba shi da ƙarafan nauyi, sai robobi masu kauri da ake ƙarawa ko a rage, amma ana ja da shi, ana turawa, har ƙafa ana yi. Gali ya taɓe baki ya ce wannan na mata ne. Ba ta kula shi ba. Ta kama mariƙin da hannun dama, ta sunkuya, ta ja shi zuwa jikinta da ƙarfi, irin jan da ake yi wa wuƙa. Ta sake ja. Babu abin da ta ji sai numfashinta.

Gali ya bi hannunta da kallo. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Allah ya ba Malam lafiya. Zan naɗe shi a tabarma, duk wanda ya tambaya keken ɗinki ne."

Haka aka shigar da shi gidan da sunan keke. Malam na zaure, Sadiqa ta kafa shi a bayan akwatin littattafai, ta sa roba mafi laushi, ta nuna wa Inna Fulera yadda ake yi don ta nuna masa. Da ta je sallama, ya amsa yana kallon littafi.

Daga nan ne ta gane abin da ta saya wa kanta. Ta zaɓi inji marar ƙara don kada gari ya ji, sai ga shi ita ma ba ta ji. Duk zuwan da za ta yi, sai ta zauna a tsakar gida ta kasa kunne ga turaka, shiru. Inna ta ce yana dai kulle ƙofa da hantsi, amma ai da ma yana kullewa ya yi wuridi. Abinci kuwa shi kaɗai yake ci, hannun kullum yana cikin riga. Wani lokaci haushi ya kama Sadiqa, ta ce da ma ƙaton ta ɗauko, gari ya ji ya ƙoshi, ita dai ta sani. Ana cikin haka ta ji mata na cewa Malam Abdulganiyyu ya kai wuƙarsa maƙera an wasa.

Ranar Sallah ta kasa zuwa idi. Ta zauna gaban murhu tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Daga nesa ta ji an idar da salla, ta ji huɗuba sama-sama a lasifika, sannan aka kashe lasifikar. Lokacin yankan ke nan. Shirun ya yi tsawo. Sai kabbara ta tashi, amma kabbara ai ana yin ta ko wane ne ya yanka.

Malam ya shigo gida a hankali, yana jan ƙafa kaɗan kamar kullum. Sadiqa ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta yi masa barka da Sallah, tana tsoron ɗagowa. Da ta saci kallo, sai ta ga farar rigarsa fes, ban da hannun dama, wanda jini ya fallatsa tun daga wuyan hannu har gwiwa.

Malam ya tsaya. Bai dube ta ba, Inna Fulera ya duba, ya buɗe tafin hannunsa, fatar duk ta yi kanta, ta yi tauri.

"Ki gaya wa 'yar Kibiya," in ji shi, "robar keken nan nata ta yi mini laushi. Ta sa mai ƙarfin kafin ta tafi."