Kujerar Gaba

Katifar ce ta ƙi shiga. Dogo ya naɗe ta, ya ɗaure da igiya, ya danna da gwiwa, amma murfin but ɗin motar ya ƙi rufuwa. Ga akwatuna, ga bokiti, ga fanka da jakar littattafai zube a ƙasa, sai ka ce ba makarantar koyon jinya za a kai Yaya ba, ƙaura gidan zai yi.

Baba ya zagaya motar, hannuwa a baya. Doguwa ce mai kujera bakwai, tana shan mai ba kunya, amma ba ta taɓa yasar da su a hanya ba. Ranar da ya kawo ta gida cewa ya yi sai da aka auna iyalinsa kafin a ƙera ta: shi da Mama a gaba, Yaya da Dogo da Auta a tsakiya, 'yan biyu can ƙurya inda faɗansu ba ya isowa kunnen direba. Aibinta ɗaya, in kujerun ƙuryar suna tsaye, but ɗin ba ya cin abin da ya wuce cefane.

"Baba, sai fa an kwantar da ɗaya ta baya," in ji Dogo.

"To kwantar da ita mana."

Dogo ya ja madaurin, kujerar ta durƙusa, kaya suka shige tsaf. Sai kuma kowa ya shiga ƙirga kujeru. Kujera shida ta rage, su ma su shida ne, amma ɗaya daga ciki ta Mama ce.

Tun rasuwarta bara ba wanda ya zauna a wurin. Ba kuma wanda ya kafa doka. Yaran sun ɗauka Baba ne ba zai iya waiwayawa ya ga wata fuska ba, shi kuwa ya ɗauka yaran ne zuciyarsu ba za ta ɗauka ba. Haka suka yi ta yawo a gari, biyar a baya, Baba shi kaɗai a gaba kamar direban haya. Kujerar tana nan yadda ta bar ta, a matse gaba sosai, don Mama gajeriya ce.

"Ni sai in zauna a gida," in ji Dogo.

"Wa zai hau bene da akwatunan? Ni?" in ji Baba.

'Yan biyu kuwa ba a raba su, in ka bar ɗaya ka sayi rigimar biyu. Sannu a hankali idanu suka koma kan Auta. Tun da safe ta yi wanka ba a sa ta ba, ta sa takalmin zuwa unguwa. Ita ce mai kwana a bayan Yaya tun da Mama ta tafi, kuma so take ta ga gadon da zai ƙwace mata ita.

"Autata," Baba ya sassauta murya, "ki zauna wajen maƙwabciya, kafin yamma mun dawo."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Zama ta yi a bakin ƙofa ta fara kwance takalminta.

"A bar ta a cinyata, Baba," in ji Yaya.

"A babbar hanya, ba bel ɗin kujera? Kin san ba na yin haka."

"To a sauke katifar."

"Ki kwana a kan ƙarfe?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ga kujera can babu kowa."

"Za ki iya?" in ji Baba.

Ta leƙa kujerar ta tagar motar, ta girgiza kai. Dogo ya duƙufa kan igiyar da ba ta buƙatar ɗauri.

Baba ya daɗe yana juya makullin a tafin hannunsa. Mutum ne da ake iya aron rigarsa amma ba sitiyarinsa ba, mai alfaharin cewa ko kaza bai taɓa bugewa ba. Shi ya koya wa Yaya tuƙi a fili, amma bai taɓa yarda ta ja shi a kan kwalta ba.

"Lasin ɗin naki na ado ne?" Ya miƙa mata makullin. "Ja mu. Auta, mai da takalminki."

Ya zagaya, ya buɗe ƙofar, ya naɗe kansa ya shiga. Gwiwoyinsa suka tokare da gaban motar.

"Baba, akwai ƙarfe a ƙarƙashi, ka ja ta baya," in ji Dogo.

"Ni za ka koya wa motata?"

Bai ja ba.

Yaya ta fitar da su daga layi lafiya lau, hannu biyu a kan sitiyari. A shataletale wani mai babur ya gifta, ƙafar Baba ta dama ta daki ƙasa da ƙarfi, inda babu birki. Da suka hau babbar hanya wata tirela ta rage gudu a gabansu, ƙafar ta sake dannawa. Daga wannan kujerar, ashe, komai kusa yake. Bayan tirelar kamar a kan hancin mutum, gefen hanya kamar zai shigo ciki.

A karo na gaba ya ji takalminsa ya faɗa wani ɗan lotsi. Ya leƙa. Shimfiɗar ƙasan sabuwa ce ful ko'ina, ban da wuri ɗaya. A nan ta cinye har zare ya fito, daidai girman ƙaramar ƙafa.

Shekara da shekaru Mama ta zauna a nan tana ba shi labarin unguwa, tana raba faɗan 'yan biyu ba tare da ta waiwaya ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ce masa ya rage gudu ba. Kunya ta kama shi, kewa ta biyo bayanta, ta fi ta nauyi.

"Baba, lafiya?" Yaya ta tambaya, idonta a kan hanya. "Gudu nake yi?"

Ya dubi allurar da ke nuna gudun motar. Ba ta ma kai inda shi yake fara jin daɗin tuƙi ba.

"A'a," ya ce. "Tafi a haka."

Ya ɗauke ƙafarsa daga wurin, ya ajiye ta a gefe.