Rabin da Zira Ya Rubuta

Ranar da Mato ya dawo Mubi, bayan sojoji sun fatattaki 'yan Boko Haram daga gari, bai tsaya duba gado ko buhun masara ba. Kai tsaye ya wuce ɗakin ajiya. An kwashe talabijin, an kwashe katifa, har tukwanen matarsa Rukayya ba a bari ba, amma tsohuwar kwamfutarsa tana nan a lungu, ƙura ta rufe ta.

"Ka gani ko?" in ji Rukayya daga bakin ƙofa. "Ko ɓarayi sun raina ta."

Ya kwance murfin, ya leƙa ciki, ya ga dogon katin nan kore yana zaune a raminsa lafiya lau. Sai a lokacin ya zauna a ƙasa ya yi hamdala.

Labarin katin nan tsoho ne. A farkon shekarun dubu biyu aka cika Mubi da kwamfutocin gwanjo, makarantu da ƙananan asibitoci suka yi ta saye. A cikin wasunsu akwai wannan kati, wanda ke haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta ta wata baƙar waya mai kauri irin ta eriyar talabijin. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rushewa. Ga katin da taurin kai, ba ya jin yaren kowa sai na kati irinsa. Babbar manhajar kyauta da ake sa wa kwamfutocin kuwa ba ta san da zamansa ba, sai an rubuta masa abin da masu sana'ar ke kira direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa kwamfuta da kati tafinta. Ita kuma a can cikin zuciyar tsarin take zama, wurin da ake ce wa kanel, inda kuskuren harafi ɗaya kan sandarar da na'ura gaba ɗaya.

Mutum biyu suka ɗauki wannan wahala a kansu, ba wanda ya aike su. Mato ɗan mai gyaran rediyo ne, kakansa daga Katsina ya zo da fatauci. Zira kuwa mutumin Michika ne, malamin lissafi, mai tafiya a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Suka raba aikin biyu: Mato ya rubuta ɓangaren aikawa, Zira ya rubuta ɓangaren karɓa. Zira yakan ce rabon ya yi daidai, tunda Allah ya yi Mato da baki, shi kuma ya yi shi da kunne.

Kowa da katinsa. Ran Asabar Zira zai zo shagon Mato da nasa a naɗe cikin tsohuwar safa, su sa shi a wata kwamfutar, su ja waya daga wannan tebur zuwa wancan. Mato ya aika saƙo, ya ɗaga kai.

"Ya shigo?"

"Ya shigo," in ji Zira. Ko kuma, wanda ya fi yawa a shekarun farko: "Bai shigo ba, malam. Ka sake duba surutunka."

Da haka har direban ya tsaya da ƙafarsa, suka aika wa mutanen duniya masu kula da kanel, aka karɓa. Aka rubuta sunayensu a saman aikin, na Mato a sama, na Zira a ƙarƙashinsa, a matsayin masu kula da shi. Mutanen nan suna da al'adu biyu da ba sa wasa da su. Ba ka rubuta "na gwada" sai ka gwada a kan katin gaske da idonka. In kuma za a cire direba daga kanel, masu kula da shi ne za su sa hannu.

Da 'yan Boko Haram suka shiga Michika a watan Satumba na 2014, Zira ya rataya jakarsa ya tafi ɗauko mahaifiyarsa. Katin yana cikin jakar, don ko coci za shi ba ya barinsa. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ba a jima ba Mubi ma ta faɗi, Mato ya bi duwatsu da iyalinsa a ƙafa, suka ɓulla Kamaru, suka zagayo Yola.

Yanzu ga shi ya dawo, shagon ya zama toka, sai kati ɗaya tilo a gida. Ga kuma saƙo yana jiransa a waya daga Seth, wani mutumin Kanada da ke kula da tsofaffin direbobi, wanda Mato bai taɓa ganin fuskarsa ba. Seth ya ce an sauya hanyar da kanel ke karɓar saƙonni, ɓangaren karɓa na direbansu ya daina aiki. Ya ce ya rubuta wa Zira sau da yawa, ba amsa. In ba a gyara an gwada ba kafin a rufe fitowa ta gaba, dole a cire direban, don ba a ajiye abin da ba mai iya tabbatar da shi.

Ba mugunta a cikin saƙon, har da gaisuwa. Wannan ne ma ya fi ƙona wa Mato rai, don da mutumin ya yi masa rashin kunya da ya sami wanda zai zaga. Shi dai abin da ya sani, ba a ga gawar Zira ba, ba a yi masa addu'ar binnewa ba, kuma wuri ɗaya ya rage a duniya inda aka rubuta sunansa cikin masu aiki, ba cikin waɗanda suka ɓata ba. Bai yarda a goge wurin ba.

Ya aro ƙaramin janareto wurin maƙwabci, ya buɗe rabin Zira. Shekara da shekaru suna aiki tare, bai taɓa karanta shi da kyau ba, don me zai karanta alhali mai shi yana teburin da ke gabansa? Rubutun kamar mai shi, a tsare, ba gaggawa. A wani wuri Zira ya sa kwamfuta ta ɗan dakata kafin ta ɗauki saƙo, ya bar bayani a gefe da Turancinsa na malaman makaranta: a yi haƙuri a nan, katin tsoho ne, ba ya son a katse shi. Mato ya karanta wannan layi, ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba.

Gyaran bai gagare shi ba. Ya sauya abin da ya kamata, ya harhaɗa, kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba. Ya ɗora direban, ba ta sandare ba. Ya aika saƙo, 'yar fitilar bayan katin ta yi ƙifta. Nasa rabin lafiya lau. Amma ta yaya mutum zai gwada karɓa in ba mai aiko masa? Katin ba ya ma jin muryar kansa, masu ƙera shi sun yi rowar wannan.

Sai ya bazama neman kati na biyu. Ya hau babur zuwa Mayo Bani, makarantar da suka taɓa haɗa wa kwamfutoci, ya tarar ɗakin ba rufi, robobi sun narke sun manne da siminti. Ya je wani ƙaramin asibiti a Bahuli, mai gadi ya nuna masa tebur wayam, sai guntun baƙar waya na lilo a bango. Daga ƙarshe wani ya ce ya gwada 'yan gwangwan a bayan kasuwa. Ya tsuguna cikin tarin ƙarafa yana tono kamar kaza, rana na dukan ƙeyarsa, har ya hango kore. Ya zaro shi. Katin ne, irinsa sak. Sai dai an bi gefensa da almakashi an yanke haƙoran da ke shiga cikin kwamfuta, saboda ɗan ruwan zinaren da ke jikinsu.

"Duk haka muke musu, Alhaji," in ji mai gwangwan, yana ganin ya yi abin kirki. "Nan ne kawai mai amfani."

Mato bai ma iya yin fushi ba. Ya sa gunduwar katin a aljihu ya koma gida.

Rukayya ta dube shi ta ga yadda ya zube. Ita ba ta san kanel ba, amma ta san mijinta.

"Baban Na'ima, ka rubuta musu ka gwada mana. Wa zai taso daga Kanada ya zo Mubi ya duba? Ai ka ce gyaran daidai ne."

"Ina jin daidai ne."

"To?"

To ɗin ce ta tsaya masa a wuya. Gaskiyarta ne, ba mai zuwa. Ya buɗe waya ya rubuta wa Seth "na gwada", ya zuba wa kalmomin ido. Bai aika ba, bai kuma goge ba. Ya ajiye wayar a kan tebur.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Dokas ce, matar Zira, da ke zaune wurin 'yar'uwarta tun da aka dawo. Ta rame har zanen jikinta ya yi mata yawa. Suka gaisa da Rukayya, ta ƙi zama, ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon kwamfutar.

"Baban Na'ima, an ce mashin naka bai ƙone ba."

"Bai ƙone ba, Maman Christy."

"Shi yana gaya mini kullum, kati naka da nashi sun san juna. Ya ce in naka ya kira, nashi ne kawai zai amsa a duk duniya." Ta gyara ɗaurin kanta. "Nashi yana cikin jaka nashi. Ka kira mini."

Mato ya buɗe baki zai yi mata bayani: cewa sai da baƙar wayar nan ta haɗa katunan biyu, cewa wayar ko ƙarshen layinsu ba za ta kai ba balle Michika, cewa kati a cikin safa ba shi da wuta, ba shi da rai. Duk ya san wannan, shi ya fi kowa sani a garin nan. Ya dubi fuskarta ya ga ba bayani ta zo nema ba. Ta riga ta je wurin sojoji, ta je sansanonin gudun hijira, ta bi asibitocin Yola gado-gado. Nan ne ƙofa ta ƙarshe.

Ya tashi ya ja janareto. Ya jawo mata kujerar da ke gefen teburin, ta zauna a bakin-baki. Ya buga umarnin, fitilar ta soma ƙiftawa. A fuskar kwamfutar lambobi biyu ne: na abin da aka aika, da na abin da aka karɓa. Na farko ya yi ta hawa. Na biyu ya tsaya a sifili.

"Yana fita?" in ji ta.

"Yana fita."

Akuyar maƙwabta ta yi kuka, wani mai ruwa ya wuce da kurarsa. Dokas ba ta ɗauke ido daga fitilar ba.

"Ya shigo?"

Ba ta san tambayar wa ta yi ba. Ba ta taɓa zuwa shagon ran Asabar ba. Mato kuwa a duk rayuwarsa shi ke yin wannan tambaya, wani ke amsawa. Kalma biyu ce kawai, "ya shigo", in ya faɗa za ta koma gida da ɗan abin riƙewa. Irinsu ne kuma kalmomin da ke jira a wayarsa, a wani yaren. Ya dubi sifilin.

"Bai shigo ba, Maman Christy."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Kar ka kashe."

Bai kashe ba. Suka zauna har janareton ya soma tari, ya shanye ɗan man da ke cikinsa, ya mutu. Fitilar ta ɗauke. Dokas ta miƙe, ta yi masa godiya kamar ya yi mata wani abu, Rukayya ta raka ta bakin titi.

Mato ya ɗauki wayar ya goge abin da ya rubuta jiya. Ya gaya wa Seth gaskiya: ya gyara, aikawa na aiki, karɓa kuwa bai gwada ba kuma ba zai iya ba, don ba kowa a ɗaya gefen baƙar wayar. Bai ƙara komai ba. Ta ina zai fara?

Amsar ta zo bayan kwanaki, da ladabinta kamar kullum. Seth ya ce ya gode da gaskiyar, ya yi baƙin ciki, ga takardar cirewa ya haɗa, saura sa hannun masu kula. A ƙasa ya ƙara tambaya: tunda su biyu ne, a jira sa hannun Zira, ko na Mato ya wadatar? In ana sa ran Zira zai dawo bakin aiki nan kusa, zai iya ɗaga lokacin cirewar.

Mato ya karanta a zaune a ƙofar gida. Mutane na ta wucewa da kwanon rufi da katako, kowa na gyara abin da ya saura masa. Ya rubuta, "A jira shi." Ya dubi rubutun. A wurin mutanen nan, wannan ma cewa ne ka san wani abu, shi kuwa bai san komai ba. Ya goge. Ya kira lambar Zira, kamar yadda yake yi tun Satumba, muryar matar nan ta kamfanin waya ta sake gaya masa ba a samun mai lambar.

Ya sa sunansa a inda aka ce ya sa. A ƙarƙashi ya rubuta cewa nasa ya wadatar, ya aika. Wannan saƙon kam bai ɓata lokaci ba, nan da nan wayar ta nuna masa ya shiga.