Askar Baba a Saman Kabad

Baba ya daina ƙera aska tun da hannunsa ya fara rawa. Ta ƙarshe da ya yi bai sayar ba, duk da zaryar da masu shagon aski suka yi masa a kanta. Ya naɗe ta a tsumma ya kawo wa Auta, wadda tun tana ƙarama take zama a bakin maƙerarsa tana miƙa masa dutsen wasawa.

Ƙotar askar ta wani baƙin itace ce mai nauyin tsiya, wanda wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa guntunsa tun kafin a haifi Auta. Shekara da shekaru Baba yana ajiye da shi, yana jiran aikin da ya isa a yanka shi dominsa. Mazaunin da askar ke jingina a kai kuwa na jan katako ne, mai ƙamshi idan an murza.

"Abu biyu ne ba ta so," in ji Baba ran da ya kawo ta. "Danshi da mantuwa. Ki riƙa ɗiga mata mai. Kawo guduma in kafa miki 'yar kantar ajiya can sama a bangon falo."

"Baba, mai gidan hayar nan ba ya son ƙusa a bangonsa. Bari in yi masa magana tukuna."

Ba ta yi masa maganar ba. Askar ta zauna a kan teburin falo, baƙi suna yabawa, har 'yarta ta fara tafiya.

Wata safiya Auta ta shigo daga shanya ta tarar da yarinyar ta yi ɗage, ta kama bakin mayafin teburin tana ja, mazaunin yana tahowa da askar a kai. Ba ta san lokacin da ta yar da bokiti ba. Ta yi wuf ta cafke askar. Sannan ta zuba askar da mazaunin a leda, ta ƙulle tam, ta taka kujera ta tura su saman kabad ɗin kicin. Nan ne wuri mafi tsawo a gidan. Nan ne kuma daidai saman murhu.

"Sai ka ce kin kama maciji," in ji mijinta.

"Maciji ai yana gudu idan ya ji motsi. Wannan jira take."

Daga nan sauran haƙoran yarinyar suka fara fitowa, zazzaɓi ya zo ya tafi, ita ma ta koma bakin aikinta. Kullum tukunya na tafasa, tururi na hawa. Takan tuna da man, amma sai a tarar yarinya na saɓe a kafaɗarta, ko kujerar na wani ɗaki.

Ran da Baba ya zo, da 'yar kwalbar mai a aljihunsa ya zo. Ya ɗora jikarsa a cinya tana ja masa gemu.

"Ke, sakar mini, ba na sayarwa ba ne. Auta, wannan 'yar taki ta fi ki mugunta. Ɗauko mini askata in gaishe ta."

A kicin ta taka kujera ta sauko da ƙunshin, ta kwance ƙullin. Ledar ta yi maiƙo ta waje, ta ciki kuma ta yi gumi. Ƙarfen da take ganin fuskarta a jikinsa ya koma ja, tsatsa ta bi shi har bakin kaifi. Baƙar ƙotar ta tsage tun daga ƙusar da ke riƙe ta har kusan ƙarshe. Auta ta yi tunanin ta ce mijinta ya kulle ta a akwati ya fita da makulli. Sai ta ji Baba yana yi wa yarinyar waƙa a falo, ta ɗauko ta fito.

Idonsa ya yi rauni, amma babban yatsansa bai yi ba. Ya bi ƙotar da shi sau ɗaya, ya tsaya a kan tsagar.

"A ina ta kwana?"

Ta gaya masa duka, har da mayafin teburin.

Ya kamo hannun jikarsa ya juya shi, ya duba 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sake ta. Da ya yi mata faɗa, da Auta ta fi samun sauƙi.

"Akwai dutse a gidan nan?"

Ta kawo na wuƙaƙen kicin. Ya ɗora askar, hannun ya hau rawa, bakin ya karce dutsen. Ya sake gwadawa. A karo na gaba sai ya tura mata ba tare da ya dube ta ba.

Ta zauna ta fara, shi kuma ya karkata kunne.

"Kwantar da bayanta. Kina ɗaga hannu, ina jin ki. Yawwa. Kar ki danna, ba wanki kike ba."

Tsatsar jiki ta fita. Ta baki kuwa ta riga ta ci rami, sai da suka cinye ƙarfe mai yawa kafin su kai ga lafiyayye. Askar ta yi kaifi, amma ta rame, ba ta ƙara zama daidai a mazauninta ba.

"Ƙotar fa, Baba? Akwai sauran itacen?"

"Wanda ya kawo shi ma ya daɗe da rasuwa."

Kafin ya tafi ta aro guduma a maƙwabta. Shi ya nuna wurin a bangon falo, ita ta buga ƙusoshin kantar. Ruwan shayin da ta ɗora masa bai kai ga tafasa ba ta gama. Ya miƙa mata askar ta ɗora, ya ajiye kwalbar man a hannun kujera, ya ce yana son ya riski mota.

Ya ci gaba da zuwa, yana wasa da jikarsa a ƙarƙashin kantar, amma bai ƙara cewa a ɗauko masa askarsa ba.

Bayan wani lokaci mai gidan hayar ya shigo duba famfo. Ya ɗaga kai ya ga kantar, Auta ta shirya ba da haƙuri.

"Wa ya kafa miki wannan?" in ji shi. "Ta yi kyau. Ai da kin faɗa, da na turo miki kafinta."