Da Sauƙi Muka Ce wa Mashkura

Ku mutanen unguwarmu, kuna wurin ranar, kada wani ya ce mini bai ji ba. Wasunku na zaure, wasunku na tsakar gida, lokacin da wayar Malam Iliyasu ta yi ƙara a hannuna. Ɗiyarsa Mashkura ce daga Legas. Shi yana kwance a ɗaki, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ƙanensa, Baffa Abdulƙadiri, ya ɗaga mini yatsa.

"Sharifa, ki ce mata da sauƙi. Kak ki ƙara komi."

"Baffa, babu sauƙi hwa. Sista Magdalene ta ce ƙodar ta gaza."

"Sista ka rabon kwana? Hwaɗi abin da nic ce miki."

Na ɗauka. Na ce da sauƙi. Duk kuka sunkuyar da kai.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Wurno, kuma benci ɗaya muka zauna da Mashkura a firamare. Da albasar fadama Malam ya kai ta jami'a, kuna yi masa surutu. Bara ta ci jarrabawar wani bankin zuba jari, aka ɗauke ta cikin mutum goma sha biyu. Da ta zo sallah ta yi ta bayani: ba bankin da ake bin layi ba ne. In kamfani yana son ya faɗaɗa, su ne ke nemo masa masu zuba jari, su tsara yadda zai sayar da hannun jarinsa.

Malam ya yi dariya har da tari. "Ashe dillaliya nik kai makaranta! Irin na kasuwar albasa, sai dai ku cikin sanyi kuka naku."

Shi ya gane. Ku kuwa kalma ɗaya kuka ji, banki. Kafin ta koma an cika mata jaka da takardun neman aiki. Na Mujaheed ɗan Baffa ne a sama. Nawa ma suna ciki, ba zan ɓoye ba.

Da ciwon ya tsananta, saura mako uku ta gama wata shida na gwaji a tabbatar da ita, kuma suna tsakiyar wani babban ciniki, har Asabar da Lahadi tana ofis. Baffa ya tara mu ya yanke hukunci.

"Mutanen Ikko ba su san uba ba. Ta bar kujerar ga yini guda, wani ya haye. Wa za shi jawo sauran yaran?"

Babu wanda ya taɓa taka ofishin nan a cikinmu. Babu wanda ya tambaye ta yadda ake ba da hutu. Muka zauna a Wurno muka yanke wa bankin Legas hali.

Washegari Malam ya kira ƙanensa. "Kun hwaɗa ma ɗiyata?"

"An hwaɗa, Yaya. Tana bisa hanya."

Sai ya sa aka fito da tabarmarsa inuwar ɗaki, aka juya ta tana kallon ƙofar shigowa. Duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai. Ya aike ni rudu, rumbun da yake ajiyar albasa, in zaɓo manya in cika kwando.

"Ki aje mata. Can tamu suka saye da tsada, ruɓaɓɓa."

Sista Magdalene, ma'aikaciyar asibiti da ke haya a layinmu, ita ke zuwa duba shi da safe. Ta tare ni a bakin ƙofa.

"Sharifa, har da ke? Mai digiri?"

"Sista, ba a tsallake maganar manya."

"To ba ni lambarta, ni ba baffana ba ne."

Na ce waya ba caji. Wayar tana aljihuna, cike.

Kwana tara yana kallon ƙofar. Ya cika ranar Talata da hantsi, aka kai shi bayan azahar. Sai da aka dawo daga maƙabarta Baffa ya kira ta da kansa.

Ta iso Laraba da la'asar, da jaka ɗaya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta gaisa da kowa, sannan ta ja ni bayan rudu.

"Na shiga wurin ogata ina kuka. Ban ƙare magana ba tac ce mi nika jira. Ita tas sa anka yanko min tikiti. Da makon jiya na, haka za ta ce." Ta dube ni. "Sau bakwai ina tambayarki, Sharifa."



Ranar sadakar uku, a gabanku, Baffa ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Haƙuri za ki yi, ɗiyata, kwana ya ƙare. To, batun takardun Mujaheed hwa, mi aka ciki?"

Kun ji shi. Wani ma ya gyara zama don ya ji amsar.  Mashkura ta tashi ta je inuwar ɗaki, inda ba a naɗe tabarmar ba tukuna, ta zauna a kai tana kallon ƙofa. Kwandon yana gefenta. Ta ɗauki albasa ɗaya tana ɓare busasshen bawon a hankali, iska na kwashe shi.

Yanzu haka a layinku akwai wani kwance, ɗansa yana Abuja ko Fatakwal, kuna ce wa ɗan da sauƙi. Kun san gidan. Ku ɗauki waya kafin la'asar, ku gaya masa gaskiya, ku bar shi ya zaɓa da kansa.