Jar Akuyar Saude

Akuya guda, ja, mai tsagaggen kunne, ita Saude ka bin Inna Adda ta Kurawa. Ko ko a ce ita taka bin ta dā, don an biya tun shekara arba'in da sunka wuce, gaban shaidu, har da goro. Duk gari an san an biya. Inna Adda ɗai ta ba ta sani ba.

Habbanaye ta, irin ta Fulani: ka ba ɗan'uwanka bisa mace shi riƙa, ta haihu mashi sau uku, ɗiyan su zan nashi, uwar kuwa shi maido maka. Sa'adda anka kawo Adda amarya daga Turba ko kaza ba ta da, Saude tab ba ta jar akuya. To, da tsuhwa yat taɓa Inna Adda, sai yay yi mata irin ta ɓera cikin rumbu. Ya cinye sunan jikokinta, ya cinye hanyar rijiya, ya cinye ko ta ci tuwo ko ba ta ci ba, ya cinye ranar da tab biya. Bashin ɗai yab bari, ko cizo bai yi mashi ba.

Mai jinyarta Hafiza ta, matar ɗanta Yero. Ita ka yi mata wanka, ita ka dama mata kunu, ita ka ɗebo takalmanta cikin tukunyar miya in ta ɓoye su can. Abin duniya ko da Hafiza tam mallaka akuya guda ta, kuma don rashin sa'a ja ta.

Wata sahiya Inna Adda tak kwance akuyar daga turke taj ja ta ƙofa.

"Inna, ina za ki da ita?"

"Za ni kai ma Saude abinta. Ta haihu uku."

"Inna, ai kin biya tun ba a haihe ni ba."

Inna Adda tad dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar wa ta da za ki sa ni cin amana?" Taz zamna gindin turke tana kuka, wai za ta mutu da akuyar mutane a wuya. Kwana biyu ko kunu ba ta kurɓa ba.

Yero yak kai ta asibiti Sabon Birni bisa babur. Malamin asibitin yac ce wanga ba ciwon allura ba na, a bi ta sannu, a bar gardama da ita. Yero yad dawo da dabara tashi: yas sawo wani ramammen bunsuru a kasuwar Isa, wai Inna ta riƙa kai shi. Inna Adda tal leƙa ƙarƙashinshi, tat taɓa gemun.

"Kai bawan Allah, Saude mace tab ba ni. Wanga liman na."

Dole Hafiza tas saki igiya. Kullum in an sha kunu, Inna Adda ta yaɓa mayafi, ta ja akuya har ƙarshen gari, Hafiza na biye nesa-nesa kamar mai zuwa wani wuri. Saude ko, shekarunta sun kai na Adda, amma hankalinta ko ƙwara guda bai zube ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta amshi igiya hannu biyu, ta duba haƙora, ta ce, "Adda, kin cika 'yar halak." Inna Adda ta dawo gida tana rangaji, ta ci tuwo malmala biyu. In la'asar ta yi, Hafiza ta zagaya ta bayan danga ta ɗauko abinta.

Anka yi wata huɗu hakanan. Akuyar tag gane harawar gidan Saude ta hi daɗi, har taz zan ita ka jan Inna Adda, tsohuwa na baya tana, "Sannu-sannu, marar kunya, ai can za mu!" Cikin haka cikin da akuyar ka ɗauke da shi tun hwarko yay yi niƙi-niƙi. Hafiza kullum sai ta shafa cikin, don ta riga ta yi ma 'yan ciki wurin zuwa: su ne keken ɗinkin da taka mafarki shekara shidda.

Ranar wata Laraba da la'asar, Hafiza taz zagaya bayan danga, sai taj ji kuka siriri har biyu. Akuya ta haihu tagwaye a gidan Saude. Inna Adda ma ba ta koma gida ba, tana zamne tana kallo, ga mata maƙwabta sun cika tsakar gida. Saude na tsaye tana raba goro.

"Gwaggo, barka. Na zo ɗaukar su."

"Su wa, 'yan nan?"

"Akuyata da ɗiyanta."

"Akuyarki?" Saude taj juya ga mata. "Ku, sau nawa anka kawo mani akuyag ga gabanku anka ce tawa ta?"

Mata sunka ce Allah ɗai yas san iyaka.

"Sau ɗari da goma sha tara," in ji Saude. "Ina saka tsakuwa a ƙwarya. Ko alƙali sau guda aka ba shi shaida shi yarda."

"Gwaggo, ai sau ɗari da sha tara kina maido ta!"

"Ta bayan danga. Wa yag gani? Kuma harawar da tac ci, ubanta yan noma ta? Cikin nan rabinshi harawata ta."

Mata sunka kwashe da dariya. Hafiza ba ta san ko wasa aka yi ko gaske ba, don Saude ko tana wasa ba ta sakin igiya. Tad dubi tagwayen suna tangaɗi ƙarƙashin uwarsu, tat tuna wanki da wanka da takalma cikin miya, sai hawaye sunka zubo mata, tad durƙushe nan gaban kowa.

Inna Adda tam miƙo wuya. "Saude, wagga baƙuwa mi aka yi mata?"

"Akuya taka ma kuka."

"Ba ta da?"

"Yanzu dai ba ta da."

"Ko guda?" Inna Adda tad dafa ƙirji. "Ke Saude, ba ki jin kunya? Yarinya ta zo garin mutane ko kaza ba ta da, ke ko ga ki da uku! Ba ta habbanaye mana. Ni na tsaya mata, da ganin idonta ba ta cin amana."

Habbanaye in an roƙa ma mutum gaban jama'a, ba a hanawa sai wadda ka son a yi waƙa da ita wurin daka. Saude tat tauna goro, tat tauna, tat tofar.

"Adda, ko kin ruɗe kin hi ni wayo." Tam miƙa ma Hafiza igiya. "Ungo. Ɗiyan naki. Uwar ko in ta haihu uku ki maido mani. Kuma tagwaye haihuwa guda ta, kada ki ce biyu."

Hakanan Hafiza tad dawo gida da aron akuyarta ta kanta, ɗa guda a kowace hammata, Inna Adda na gaba tana gaya ma duk wanda sunka gamu da shi ta yi ma wata marainiya hanya.

Da sahe Inna Adda tan nuhi turke kamar kullum. Hafiza na bakin murhu, gabanta na hwaɗuwa.

"Yarinya, akuyag ga ta Saude ta, kin sani?"

"Na sani, Inna. Guda tah haihu, saura biyu."

Inna Adda tal lissafa bisa yatsu. "To, lokaci bai yi ba. Kada ki manta, don ku yaran yanzu ba ku da kai." Taz zamna tas sha kununta har da suɗe ludayi.

Tun ran nan, kowace sahiya tambayar ke nan, amsar ke nan, har bayan akuyar ta sake haihuwa Hafiza ba ta canza lissahi ba. Saude ko nata lissahin daban. Kowace Juma'a sai ta dogara sanda ta zo gaida Adda, ta leƙa turke, ta latsa cikin akuyar da yatsa, ta ce in bunsurun Yero ba shi da himma, ita tana da wanda za ta aro masu.