Wani Yana Jira a Bakin Ƙofa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san littafin da ya jawo mini shi.

Ni tela ne, sunana Haladu, karatun bokona a aji shida na firamare ya tsaya. Babbar 'yata tana aji uku na ƙaramar sakandare. 'Yar fari ce, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, a gidanmu ba a yi. "Ke" nake ce mata, in kuma ba ta nan sai in ce "yarinyar nan". Uwarta Hanne ma haka take yi.

Jiya bayan la'asar na tsinci littafinta na Turanci a kan tabarma. Na ga layi-layi da rubutun hannunta, sai na kai wa Malam Isyaku mai kemis ya fassara mini. Ya karanta: "Wani yana jira na a bakin ƙofa. Ban gaya wa kowa ba. Akwai wani abu a jakata."

Na ce, "Wane ne shi?"

Ya yi dariya har da buga kanta. "Darasi ne, Haladu. Kalmomin da ake sawa ne in ba a san sunan mutum ba, ko ba a son faɗa."

Na ce, "Mai gaskiya ai ba ya ɓoye suna." Na dawo gida ban yarda da Isyaku ba, ban yarda da makarantar ba. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a ƙofar makarantarsu da rana tsaka. Ƙofar tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar gonar gero, ba katanga. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama, don haka mutane sun shimfiɗa lema suna takawa. Wani mutum yana jingine da ƙofar. Fuskarsa sumul kamar bayan ƙwarya, ba ido ba hanci.

Na ce, "Kai ne kake jiran 'yata?"

Ya ce, "Ni wani ne."

"Wa kake jira?"

"Wata."

Na dube shi sama da ƙasa. Takalmansa irin nawa ne, har da ɗinkin da na yi wa na hagu da baƙin zare. Na duba ƙafata, na ga nawa suna nan. Duk da haka na sa a raina ɓarawo ne.

Sai ga ni a ofishin hedimasta. Bunsuru ne da tabarau, ya ɗora ƙafafun gaba a kan tebur yana tauna rajista. Gefen da ake rubuta sunaye kaɗai yake ci, ya bar gefen maki.

Na yi sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo ɗaukar yarinyar nan."

"Wacce?"

"Tawa."

"Kowace a nan ta wani ce." Ya haɗiye, ya goge gemu. "Suna muke so. Namu na rajista ya ƙare tun da hantsi. Duk yarinyar da ba a kira sunanta ba kafin a buga ƙararrawa, ruwa zai wuce da ita sama. Doka ce."

"Wa ya kafa dokar?"

"An kafa."

"Waɗanda suka tafi sama, suna dawowa?"

"Babu wanda ya taɓa tambaya."

Na ce zan siffanta ta. Tana da tabo a babban yatsanta na hagu, allurar kekena ce ta soke ta tana shekara huɗu. Ba ta cin kuɓewa. In za ta yi dariya sai ta fara rufe ido. Bunsuru ya rubuta duka a takarda, ya buga hatimi, ya cinye takardar. Ya ce, "Siffa ba suna ba ce, Malam."

Na roƙi biro in rubuta da kaina. Na ɗora shi a takarda, tawadar ta tashi ta bi ruwa, ta manne a rufi. Na lura bunsurun bai yi mamaki ba. Na tabbata bakinsu ɗaya da mutumin bakin ƙofa.

Sai ga ni a cikin aji. 'Yan mata sun fi ɗari, fararen hijabai iri ɗaya, duk sun juya mini baya. Malamarsu zabuwa ce, alli a bakinta, tana kai da komo a gaban allo.

Tana cewa, "In kin tabbata akwai shi, sambodi. In tambaya kike yi ko musu, enibodi. In kin haƙura da shi, nobodi. Ku maimaita!"

Suka maimaita da murya ɗaya. Na kasa kunne ko zan tsinci muryar 'yata, ban tsinta ba.

Na ce, "Malama, su wane ne waɗannan mutanen da kuke koya wa 'ya'yanmu? 'Yan wace unguwa ne?"

Ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. "Ba su da unguwa. Shi ne amfaninsu." Ta juya ga ajin. "Kuma ebribodi, ko sun kai dubu, mutum ɗaya ake lissafa su. Kowa ya tashi!"

Duk suka tashi a tare, ba tsaye ba, sama. Ƙafafunsu suka bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya, ruwa yana tura tafin ƙafarsu. Ta taga na hango bunsuru ya fito da ƙarfen buga ƙararrawa, yana tafiya a hankali yana tsinkar ciyawa a hanya.

Na ga Hanne zaune a jikin bango, a kaikaice, tana tankaɗe. Na ce, "Hanne, kira ta!"

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Haba Malam. 'Yar fari? A gaban mutane? Kai dai kira ta, kai ne namiji."

Na ce, "Ke! Ke! Sauko!" Duka ɗarin suka amsa, "Na'am," ba wadda ta waiwayo. Yanzu sun kai tsayin teburi.

A bayan aji akwai buzu, a kai mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, yana jan carbi. Ni ma ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, bai taɓa cewa Haladu ba. Ranar da zai rasu na zauna a gefensa ina jira, ya buɗe ido ya ce, "Kai, ba ni ruwa."

Na durƙusa. "Baba, ka ba ni izini."

Ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan wa ne?"

Kafin in amsa, mutumin nan marar fuska ya shigo. Yanzu har da tef ɗina na awo a wuyansa da hulata a kansa. Ya bi layi yana ɗaga hannu yana taɓa gefen hijabai kamar mai zaɓen yadi. Ya ce, "Ni ba ni da zaɓi. Kowace aka bari, tawa ce." Ya tsaya a ƙarƙashin wata. Hannunta na hagu yana lilo, na ga tabon allura.

Rufin ajin ya buɗe kamar murfin tukunya. Bunsuru ya ɗaga ƙarfe.

Sunan yana nan a maƙogwarona, shekara goma sha huɗu yana zaune, ya yi nauyi kamar dutsen guga. Na dubi Hanne, ta sunkuyar da kai. Na dubi mahaifina, yana ƙirga carbi. Na buɗe baki da dukkan ƙarfina.

"Zuwaira!"

Ƙarfe ya sauka, ƙwaram!

Na farka. Bokiti ne ya faɗi a tsakar gida, yana ta gangarawa a kan siminti. Gari ya waye, har na makara sallah. Labulen ɗaki ya motsa, sai ga ta tsaye da kayan makaranta, siket ɗinta ya jiƙe, ido a waje.

Ta ce, "Baba, ni ka kira?"

Na yi niyyar in tambaye ta wanda ke jiranta a bakin ƙofa, da abin da ke cikin jakar. Na dubi yatsanta na hagu, tambayar ta gudu. Na gyara murya, na haɗe fuska.

"Akwai wata Zuwaira a gidan nan bayan ke?"

Ta rufe ido, alamar dariya na tafe. Daga madafa na ji Hanne ta ajiye ludayi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Har sau biyu."